Direban Gida a Jidda: Teɓa, Sugan da Ya Kawo Bakin Ƙofa, da Wata Shida na Motsa Jiki

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne ɗan shekara 49, direban gida a arewacin Jidda, ya haura shekara ashirin a Saudiyya. Yana kwana a ɗakin direba da ke jikin ƙofar gidan kafilinsa, wato maigidan da yake yi wa aiki, iyalinsa suna gida Najeriya. Ciwon kai da kasalar da ke danne shi bayan cin abinci ne suka kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, sai awo ya nuna abin da ya fi haka.

Tsawonsa santimita 172, nauyinsa kilo 94. Da aka zagaya tef daidai cibiya an samu santimita 108, alhali ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce kada zagayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum, wato nasa bai kamata ya haura 86 ba. Awon hawan jini 146 bisa 92, aka maimaita a wata rana daban ya fito kusan haka. Sugan safe kafin karin kumallo 118. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya ba da 6.3. Daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga ne, 6.5 kuwa an shiga ciki. Wayar da ke aljihunsa ta nuna takunsa a yini bai cika wuce 2,500 ba.

Duk wanda ya san aikin direban gida ba zai yi mamakin wannan ba. Bayan Asuba a kai yara makaranta, a kai uwargida wurin aiki, a zauna cikin mota da sanyin na'ura ana jira. Da Azahar a kwaso yara. Wajen ƙarfe uku a ci kabsa, wato shinkafa da nama, faranti guda a kwanta. Daga La'asar zuwa sha ɗaya ko sha biyun dare kuma zirga-zirgar kasuwa ce da ziyara, sai a rufe da soyayyen kaza ko shawarma da lemon gwangwani. Shayinsa kofi shida a yini, kowane kofi ƙaramin cokali uku na sukari. Cokali ɗaya giram 4 ne, ka ga giram 72 ke nan daga shayi kaɗai, ga lemon gwangwani na mililita 330 da ke ɗauke da wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini. Shi yana shan ninkin haka bai ma sani ba.

Wannan gaɓa ita ce mafi daraja a kama mutum, domin har yanzu ana iya juya akalar. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin wannan suga, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin kashi 31 suka rage. Kashi 7 na kilo 94 kilo shida da rabi ne da ɗan ɗoriya. Nan aka kafa maƙasudi.

Yunƙurin farko

Kafin a tsara masa komai ya riga ya gwada da kansa, kuma abin da ya yi shi ne abin da mafi yawan mutane ke yi idan likita ya tsorata su. A watan Agusta, da ƙarfe huɗu na yamma, ya naɗe cikinsa da leda, ya sa silifa, ya hau kwalta yana gudu yana tafiya har minti arba'in. Kwana biyar a jere. Rana ta farko sikeli ya nuna ya sauke kilo ɗaya da rabi, ya yi murna. Rana ta huɗu jiri ya ɗebe shi sai da ya dafa bango. Rana ta shida ya kasa taka dunduniyar dama da ya tashi Asuba, gwiwoyi kuma suna zafi in zai yi sujada. Ya ajiye, ya ce motsa jiki ba na irinsa ba ne.

Ƙwazo bai yi masa ƙaranci ba. Lokaci, sutura da yawan abin ne suka kayar da shi, kuma kowannensu yana da bayani.

Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta cike take da laima, da bazara zafi kan kai digiri 38 zuwa 40. A irin wannan iska gumi zuba kawai yake yi, ba ya bushewa, sai jiki ya yi asarar ruwa ba tare da ya huce ba. Leda ta ƙara toshe ɗan abin da ya rage. Kilo ɗaya da rabin da ya gani ya sauka ruwa ne zalla, lita ɗaya da rabi, kuma ya dawo da zarar ya sha. Kitsen ciki ba ya narkewa don an ɗumama wurin. Batun zafin ƙasar nan ba abin wasa ba ne: hukuma tana hana aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku na yamma tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuma a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu a kwanakin tsananin zafi.

Sai ƙafa. Zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. A gudu, kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Mai kilo 94 da ya shekara ashirin a kujerar mota, ga silifa marar tudu a dunduniya, ga kwalta, jijiyar nan mai faɗi da ta shimfiɗu daga dunduniya zuwa gindin yatsu ita ta fara biyan bashin. Alamarta ba ta ɓuya: zafi mai tsanani a takun farko da safe, ya lafa in an ɗan yi tafiya, ya dawo bayan dogon zama.

Tsarin da aka sake

An fara a tsakiyar Oktoba, da zafi ya soma sassauci. Likita ya duba zuciyarsa, ya ɗora shi kan maganin hawan jini, amlodipine miligiram 5, ya ba da izini. An gaya masa abubuwan da in ya ji su zai tsaya nan take: nauyi ko matsewa a ƙirji, musamman in ya sauka hannun hagu ko haɓa, haki da ya wuce aikin da ake yi, ko duhun gani. In ba su lafa ba a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa. Ranar da awon jini ya kai 180 bisa 110 babu atisaye.

Mako biyun farko dunduniya aka yi jinya. Ya sayi kambas mai tudu a dunduniya, aka ce ya je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya sa safar da zai riƙa sawa, ya bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa da bakin takalmin. Safe da dare yana dafa bango, ya miƙar da ƙafar baya dunduniya a ƙasa, har ya ji sharaɓa ta ja, daƙiƙa 30 sau uku kowace ƙafa. Da dare ya murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara minti goma.

Matsalar direban gida ita ce lokacinsa ba nasa ba ne. In aka ce masa "ware awa ɗaya kullum" an yi magana a banza, domin waya na iya kaɗawa kowane lokaci. Saboda haka aka nemi abin da ba ya gocewa a yininsa, sai aka ga salla ce. Akwai masallaci a kusurwar layinsu, taku ɗari da wani abu. Akwai wani mai nisan kusan mita 700. Ya koma can don Asuba da Isha. Zuwa da dawowa kilomita ɗaya da mita 400, wajen minti 16, sau biyu a yini ya haura rabin awa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya, kuma a ganinmu shi ya sa bai rushe ba. Mutumin da zai iya yi wa atisaye uzuri ba zai yi wa jam'i ba, ga kuma ladan takun da ya sani tun yana almajiri.

An hana shi sauri a farko. Mako biyu yana tafiyarsa ta yau da kullum. Daga mako na uku ya fara ɗaga ƙafa a hanyar dawowa, aka ba shi ma'auni biyu. Na ɗaya, ya ƙirga taku cikin daƙiƙa 15. In ya samu 25, wato 100 a minti, ya shiga matsakaicin ƙarfi. Na biyu, ya iya magana jimla-jimla amma ba zai iya jan karatu da doguwar murya ba. Minti biyu na ƙarshe ya sassauta, domin mai shan maganin hawan jini in ya tsaya cak daga sauri jiri kan ɗauke shi.

A mako na huɗu aka ƙara minti goma bayan abincin rana, kafin ya kwanta. Ba a waje ba: cikin inuwar gareji, ko ya yi ta taku a tsaye cikin ɗaki. Tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini ba tare da ta jira insulin (sinadarin jiki mai shigar da suga cikin tsoka) da yawa ba, don haka minti goma bayan shinkafa sun fi minti goma a wani lokacin amfani ga mai irin sugansa. Wannan tasiri yana dushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa aka kafa masa doka: kada ya haɗa fiye da kwana biyu bai yi komai ba. Lokutan jira ma aka juya su. In ya sauke iyali a babban kanti, maimakon ya kishingiɗa a mota sai ya shiga ciki ya zagaya farfajiya cikin sanyi, waya a hannu. Ranar Juma'a da safe, wadda ita ce hutunsa, yakan je bakin teku ya yi doguwar tafiya, daga minti 20 ana ƙara biyar duk mako har ta kai awa guda.

Ruwa kuwa, rabin lita awa biyu kafin doguwar tafiya, sannan kurɓa biyu-uku duk minti 15 zuwa 20. In fitsari ya yi duhu kamar shayi, ruwan bai isa ba.

Ƙarfafa tsoka a ɗakin direba

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ba ta tsaya kan minti 150 zuwa 300 na tafiya ba, ta haɗa da kwana biyu a mako na ƙarfafa tsoka. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma kuskure ne, domin tsoka ita ce babban wurin da suga ke shiga, ita ce kuma ke riƙe gwiwa. An sa masa Talata da Asabar, minti ashirin, daga mako na biyar. Kayan aiki kujera, bango, dakalin ƙofa da galan na lita biyar.

Tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita. Kuskurensa na farko shi ne gwiwoyi suna haɗuwa ciki in zai miƙe, kuma yana faɗawa kujerar maimakon ya sauka a hankali. Aka ce ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta bi saitin yatsu, ya ƙirga uku yana sauka. Da sau 12 ya zama wasa, ya rungumi galan a ƙirji.

Tura bango da hannu biyu, jiki miƙe sambal daga kai zuwa dunduniya. Nan ƙugu ne ke lotsawa, sai bayan ya ɗauki nauyin. Maganinsa a ɗaure ciki kafin a fara. Bayan wata guda ya sauko zuwa gefen but ɗin mota, da sassafe kafin ƙarfen ya ɗauki zafi. Sai ɗaga dunduniya a bakin dakali, a hau da sauri a sauko a hankali, sau 12 zuwa 15, wanda ya taimaki agara da tafin ƙafa. Sai jan galan: hannu ɗaya a kan kujera, baya a shimfiɗe, a jawo galan zuwa ƙugu ba zuwa kafaɗa ba. Na ƙarshe ya kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ya ɗaga ɗuwawu sama ya riƙe daƙiƙa biyu. Wannan shi ne ya fi sauƙaƙa masa ciwon bayan da zaman mota ya gadar.

A dukkansu an nanata masa abu ɗaya: kada ya riƙe numfashi. Yunƙuri da numfashi a ƙunshe yana harba jini sama na ɗan lokaci, ga mai hawan jini kuwa ba a son haka. Ya fitar da iska lokacin da yake yunƙurin. Tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba komai ba ne. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, shi ne ake tsayawa a duba.

Inda aka yi tuntuɓe

A mako na shida zuwa na tara sikeli ya tsaya a kilo 92 ya ƙi motsi, har ya fara cewa wahalar banza yake yi. Da aka bi abin da yake ci sai aka gano tafiyar Asuba tana buɗe masa ciki, yana biyawa ya sayi tamis guda, wato faffaɗar gurasa, da ful, wato dafaffen wake, abin da da ba ya yi sai jefi-jefi. Rabin awa na tafiya mai sauri ga mai nauyinsa bai wuce kalori 200 ba, tamis guda ya fi ninkin haka. Ba a hana shi ba, an raba: rabin tamis, ful cikakke, ƙwai ɗaya. Sukarin shayi ya sauko daga cokali uku zuwa biyu, bayan mako biyu zuwa ɗaya. Lemon gwangwani ya koma ranar Juma'a kaɗai, laban, wato nono, ya maye gurbinsa. Kabsa kuma a fara da nama da salak, shinkafa ta tsaya rabin abin da ya saba. An kuma nuna masa tef: a makonnin da sikeli ya tsaya, ciki ya ragu da santimita uku. Tun daga nan awon nauyi ya zama sau ɗaya a mako, safiyar Juma'a kafin ya ci komai.

Tuntuɓe na biyu hutun makaranta ne. Iyalin gidan suka tafi Ɗa'if da shi kwana tara, tsarin ya watse, da ya dawo ya ƙara kwana huɗu bai fita ba. Wanda ya tayar da shi wani direban maƙwabta ne, matashi ɗan Hausawan Sudan daga wajen Mai Wurno, wanda dama ya fara bin sa masallacin nesa. Yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Yaya, fito mana, in muka tsaya za a tayar ba mu isa ba." Kunyar a ce ƙani yana jira a waje ta yi abin da nasihar likita ba ta yi ba. Bayan wannan aka sa ya koma matakin mako biyu baya kafin ya hau, aka kuma ba shi mafi ƙarancin abin da ba ya faɗuwa ko a tafiya: minti goma da tashi daga kujera sau goma. Ya manna kalanda a bango yana soke kowace rana.

Azumi ya zo a wata na biyar. A Jidda rayuwa takan koma dare, direba kuma ba ya samun kansa sai gab da sahur, ga sambusa da luƙaimat da subiya ana miƙo masa daga cikin gida. An sauke buri: ba a neman ragi a watan, a dai riƙe abin da aka samu. Ya bar tafiyar rana baki ɗaya. Ya sha ruwa da dabino uku da miya, ya yi Magariba, ya ci abinci madaidaici, sannan ya taka zuwa masallacin nesa don Isha da tarawihi. Ƙarfafa tsoka ya koma zagaye ɗaya maimakon biyu, bayan tarawihi. Ya fita daga watan da ƙarin rabin kilo kawai. Wannan tsari na wanda ba ya shan maganin suga ne. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar suga ta gliclazide, tafiya da azumi a baki na iya faɗar masa da suga ƙasa da 70, kuma in hakan ta faru buɗe baki ake yi a sha abin da ya kai giram 15 na sukari, a sake awo bayan minti 15.

Awon wata shida

Nauyi ya sauko zuwa kilo 87 da rabi, ciki santimita 100. HbA1c ya koma 5.9, awon jini 134 bisa 84 tare da magani. Bugun zuciya a zaune ya sauka daga 84 zuwa 72 a minti. Tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30, da sau 11 yake yi, yanzu 17. Taku ya kai wajen 8,000 a yawancin ranaku. Ya yi Umra a Shawwal da ƙafarsa: sa'ayi kaɗai, sahu bakwai na kimanin mita 450, ya haura kilomita uku, kuma ya yi sassarfa tsakanin korayen fitilu. Dutsen daɓen Harami ya ɗan tayar masa da dunduniya kwana biyu, ya koma kan gorar ƙanƙara ta kwanta.

Bai warke ba, kuma an gaya masa haka kai tsaye. 5.9 har yanzu bakin ƙofa ne, ciki ya fi rabin tsawonsa da santimita 14, kuma ba a canza maganin hawan jininsa ba. Abu biyu sun gagara: cin abincin sha biyun dare, da barcin da bai cika awa biyar a haɗe ba, dukansu kuwa suna ɗaga suga da jini, kuma gyaransu yana hannun maigidan da yake yi wa aiki fiye da hannunsa. An ba shi shawarar ya nemi a ba shi abincin darensa kafin fitar Isha, ya tafi da shi a mota in ya cancanta.

Bazara mai zuwa ita ce jarrabawar gaba. Daga Yuni zuwa Satumba tafiyar Asuba ce kaɗai za ta tsaya a waje, ta Isha za ta ragu zuwa tafiyar hankali da gorar ruwa a hannu, doguwar ta Juma'a ta koma cikin kanti mai sanyi, a ƙara rana ta uku ta ƙarfafa tsoka don cike gurbi. Makon farko na zafi zai yi rabin abin da ya saba, domin jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da shi. Gwajin HbA1c na gaba bayan wata shida ne.